Kakin da ka sa wa Ya Musa

Kawu Bashir,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Sa'adatu da yara. Yaya Alƙahira, yaya aikin fim?

Kawu, an kama yayana, Ya Musa, a shingen bincike na hanyar garin Suki. Masu bindiga sun binciki wayarsa, suka ga hotonsa cikin kakin soja, wanda ka sa masa da ka zo ɗaukar fim a ƙauyenmu. Baba ya je ya rantse musu cewa Ya Musa manomi ne, wasa ne kawai. Suka ce, "Wasa har da taurari a kafaɗa, ya Hajji? Kawo shaida."

Na tuna wurin da hular sojan ta faɗo masa a lokacin ɗaukar fim ɗin, kowa na dariya, kana bayan kyamara kana cewa a sake. In wannan bidiyon yana nan, don Allah ka turo da sauri. Kaka ba ta sani ba, mun ce mata yana gona a garin Damazin.

Ku sa shi a addu'a. Ina neman izinin sake rubuto maka duk abin da suka ce, don Baba ya kasa ambaton sunansa a waya.

'Yarka,
Zainab