Baƙon Mianwali

Asabar, 8 ga Oktoba
Yau aka yi sadakar ukun Abbaji, mahaifina. Kowa ya watse, saura mutum ɗaya: wani dogon tsoho mai ɗingishi, da sanda da akwatin ƙarfe irin na sojoji. Wai Sherbaz sunansa, daga garin Mianwali, wai tare suka yi aiki da Subedar Karam Dad, wato Abbaji, da muƙaminsa na soja. Shekara talatin Abbaji na cikin kaki, abokansa da ke zuwa gidan nan duk na san su. Wannan fuskar ban santa ba. Ya shige ɗakin baƙi ya tuɓe takalmi kamar gidan ubansa.

Talata, 11 ga Oktoba
Bai tafi ba. Ammi, mahaifiyata, tana takaba, ba ta fitowa gaban maza, sai na aika matata Shamim ta tambaye ta. Amsar da ta dawo da ita: "Ku shimfiɗa masa gadon Abbajinku, ɗan'uwansa ne." Wane ɗan'uwa? Ƙane ɗaya gare shi, Chacha Fazal, shi ma ya ishe mu. Ammi ba ta cikin hayyacinta, shi ke nan.

Juma'a, 21 ga Oktoba
Gurasar roti huɗu yake ci, Allah ya gani ba ƙirgawa nake ba.

Yau ya dube ni ya ce, "Kai ne wanda ubanka ba ya yarda kowa ya goge maka takalmi sai shi da kansa, ko, puttar?" Puttar, wato ɗana, haka yake kirana. Haka ne. Duk hutun da Abbaji ya zo, da asuba zai jera takalmanmu na makaranta ya yi ta gogewa, sannan ya kitsa wa ƙanwata Nasrin gashi da waɗannan manyan yatsun nasa, tana kuka yana ba ta haƙuri. Mutumin da samari ke rawar jiki in ya yi tsawa. Na yi kewarsa har ƙirjina na ciwo.

Amma wannan labarin ai Chacha Fazal ma ya san shi. Wa ya gaya wa wa?

Laraba, 26 ga Oktoba
Na kama shi! Ana tonon gyaɗa na hango shi a maƙabartarmu da ke bakin gona, yana shimfiɗa sandarsa a ƙasa gefen kabarin Abbaji, ya ɗaga, ya sake shimfiɗawa. Daidai iyakar da Chacha Fazal ya daɗe yana cewa tasa ce. Jiya kuma tare na gan su suna shan shayi.

"Baba, me kake aunawa?"
"Ƙasa, puttar."
"Ta wa?"
Dariya ya yi. "Ba ta da yawa."

Alhamis, 3 ga Nuwamba
Shamim ta ce in ji kunya, tsoho ne. Na ce tsofaffi ai su suka fi iya cin gona. Na yanke: a wuce sadakar arba'in, a ɗaura min rawanin Abbaji, in zama babban gida, washegari in sa shi a mota da akwatinsa.

Asabar, 12 ga Nuwamba
Ammi ta fito da rawanin daga akwati don a sa masa sitaci, wanda Abbaji ba ya ɗaurawa sai ranar Idi. Shamim kuma, da karambaninta, ta karɓo na baƙon wai a haɗa a wanke. Ammi na ganin rawanin baƙon ta riƙe bakinsa ta zauna daɓas. Akwai ɗinki da koren zare a gefe.

"Hannuna ne wannan. Ina amarya na yi shi."

Na ce to sata ya yi. Ta kalle ni irin kallon da ba ta yi min ba tun ina yaro. Wai a kan duwatsun ƙanƙara ne, Sherbaz ya goyo Abbaji ya sauko da shi, a nan sanyi ya cinye wa Sherbaz yatsun ƙafa. Da suka sauko suka yi musayar rawani a gaban jama'a, kuma wanda kuka yi musayar rawani da shi ya zama ɗan'uwa har kabari. Na cikin akwatin, na Sherbaz ne. Tafiyar da Abbaji ke yi Mianwali duk shekara, wadda na ɗauka ta fansho ce, wurinsa yake zuwa.

"Ai na gaya maka ɗan'uwansa ne. Kai ne ba ka jin magana sai ta zo da shaida."

To, na ji. Aunon ƙasar fa?

Lahadi, 13 ga Nuwamba
Arba'in. Chacha Fazal ya miƙe zai ɗaura min, Sherbaz ya ce, "Zauna, Fazal, na girme ka." Kuma ya zauna! Mai koren zaren tsohon ya naɗa min.

Da aka watse na tambaye shi kai tsaye. Ya ce matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba.

"Ubanka ya ce min, 'Ina da ɗa, kai ma kana da. Shi zai sa ka a ƙasa, kusa da ni.' Tsawon sanda biyu ne kawai, puttar. In babu wuri, motar Mianwali na tashi da safe."

Rawanin ya matse min kai.

Alhamis, 17 ga Nuwamba
Har yanzu ban gane abin da suka tattauna da Chacha Fazal a wurin shayi ba, kuma ba zan daina lura ba. Motar dai ta tashi ba da shi ba, akwatinsa na bayan ƙofata, saboda ɗakin baƙi na yoyo.

Na je maƙabarta da safe, don duba gyaɗa. Tsohon bai iya awo ba, sanda biyu ba za ta ɗauke shi ba, dogo ne. Na ƙara rabi, na kafa dutse.