Bareyi Sun Cinye Wake, Kada Ki Kira Duane

Marlys,

Na fita, motar madara ba ta jira. Kada ki firgita idan kin leƙa lambu. Da sassafe na tarar da barewa da 'ya'yanta a ciki. Sun shigo ta gindin tuffa, inda shingen da na ɗaure ya kwanta. Wake ya tafi, latas ma haka. Kabewar da kike tattali don gasar gunduma, sun gatsa mata gefe ɗaya.

Tumatirinki kuwa ko ganye ba su taɓa ba, tunda ragar maƙwabcinmu Duane ce a kansa. Na sani, ba sai kin faɗa ba.

Duane yana tsaye da kofi a hannu yana kallona ina korarsu. Wai, "Orrin, ka gaya wa Marlys da yamma zan shigo in ja muku wayar shinge, in shimfiɗa bambaro tsakanin kunyoyin. Ciyawa ta kusa haɗiye albasarku." Na ce masa Marlys tana da miji.

Tun bazara ba abin da nake ji a teburinmu sai "Duane ya ce". Jiya har kek kika kai masa, ni aka bar min ƙonannen gefe.

Kada ki kira shi. Zan sayo wayar shinge a hanya, yau zan kafe shingen nan ko da fitila ne. Ciyawar ma ki bar min ita.

Tun aurenmu nake shuka miki wake, Marlys. Ban taɓa jin kin ce wa kowa "Orrin ya ce" ba.

Orrin