Bayanan Injiniya a Gefen Saiti

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen laburare. Ka yi wuyar gani tun sadakar arba'in ɗin maigidanka Injiniya.

Alfarma nake nema. Injiniya ya sha faɗa mini cewa idan yana gyara saitin babbar kwamfutarku, yakan rubuta 'yan maganganu a gefe, har da labarin gida. Ka san shi, a falo sai ka yi da gaske kafin ya ce uffan, ashe can yake zuba. Auta ta matsa tana son gani. Ka buga mana su a takarda, ko shirme ne muna so.

Yayarka,
Maman Auta

*

Hajiya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na samu saƙonki. Aiki ya ɗan sha mana kai, a ƙara mini kwana biyu. A gaida Auta.

Dogo

*

Dogo,

Barka da war haka. Kwana biyun naka ya haifi wata guda. Auta har ta sayi jakar adana takardu. Lafiya dai?

Maman Auta

*

Hajiya,

Ina gaisuwa, kuma kunya ce ta hana ni zuwa.

Kafin wasiƙarki ta farko da sati ɗaya na sabunta manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Na bi hanyar Oga Injiniya: na ɗauko tushen rubutun manhajar, na bar na'ura ta wuni tana harhaɗa sabuwa, na kunna na gwada kafin in ɗora sauran. Na yi kwafin rajistar littattafai har biyu. Fayilolin saiti kuwa na ce ai saiti ne kawai, ban kwafa ba.

A matakin ƙarshe na'urar kan nuna fayil ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya: a bar tsoho ko a sa sabo? Oga kan ja kujera ya karanta kowanne, ya ce, "Dogo, sauri ya haifi nawa." Ni kuwa mutane sun yi layi a kanta suna jiran aron littafi. Na yi ta danna sabo, sabo, har sau sittin da wani abu.

Kwamfutar na aiki lafiya lau, shugaban laburare har ya yaba mini. Rubutun Oga na shekara goma sha huɗu ya tafi. Na kai faifan ajiyar kwamfutar wurin masu ceto bayanai, sun ce sabon ya hau kansa.

Layi ɗaya idona ya kama kafin yatsana ya sauka: "Na bar gyaran nan a rabi, an kira ni asibiti. Mace ce." Akwai wani layin a ƙasansa.

Ki yafe mini, ni na kasa yafe wa kaina.

Ƙaninki,
Dogo

*

Dogo,

Mun gaishe ka. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Auta ta karanta wasiƙarka sau uku a tsaye, don ta gane ranar haihuwarta babanta ya rubuta layin. Ta ce in tambaye ka, don Allah ka daure ka tuna: layin ƙasan, me ya ce?

Yayarka