Gayyar Bakin Masallaci

Juma'a, 9 ga Agusta, 2024

Alhamdu lillahi, an sa rana! Ƙarshen watan nan za a ɗaura auren jikata Widad da yaron nan Muhsin na Birmingham, kuma ni ne waliyyi. Ni da na zo Manchester don a duba mini ido, ga abin da Allah ya tsayar da ni in gani. Ramatu matata, da kina raye da kin rangaɗa guɗa har maƙwabta sun leƙo.

Wurin bikin wai castle. Tsohon gidan sarautar Turawa ne na dutse a bayan Birmingham, aka mayar da shi otal. Widad ta nuna mini a waya. Na ce mata, "Uwargida, ni da ban kai ki ko Kurmi ba, shi ya sa za ki guje ni?" Ta yi ta dariya.

Da aka idar da salla a masallacinmu na Old Trafford, bakina ya ƙi rufuwa. Na tsaya wajen takalma na shaida wa Malam Ɗanjuma mai tasi, wanda muke shan shayi tare duk Juma'a, da sauran dattawa, da ɗaliban nan na jami'a. Na ce kowa da kowa, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba. Suka ce Allah ya kai mu.

Murna ta cika mini ciki. Malamin da ya koya mana boko a ajin yamma, muna da gemu, ya ce duk abin da ya cika ciki a zuba wa takarda. To ga shi.

Lahadi, 11 ga Agusta

Likita, babban ɗana, uban Widad, ya ji labari. Ya same ni a falo bayan la'asar.

"Baba, su wa da wa ka gayyata?"

Na ce yaushe aka fara tambayar su wa da wa a ɗaurin aure?

Ya ce wurin nan ba haka yake ba. Kowa da kujerarsa, da sunansa a kan tebur, an riga an rufe booking. Na ce to su tsaya a fili, ai na ga ciyawa shimfiɗe kamar filin idi. Ya ce akwai mai gadi a ƙofa, wanda ba shi da kati juya shi za a yi.

"Ka yi haƙuri Baba, ka faɗa musu kuskure aka yi."

Habibatu surukata ta ajiye mini shayi ta fice ba ta ɗaga kai ba.

A tsawon raina ban taɓa jin an janye gayya ba. Da wane baki?

Talata, 13 ga Agusta

Ruwa tun safe. Duk sun fita aiki.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ban je masallacinmu ba. Na hau bas zuwa wani a wajen Hulme. Salla dai salla ce, amma ba wanda ya tambaye ni ya ido, ya gwiwa. Na ɗauki takalmina na dawo.

Likita ya ce, "Ka faɗa musu?" Na ce ana nan ana dubawa.

Laraba, 21 ga Agusta

Habibatu da Widad sun tafi Birmingham wajen ɗinki da lalle. Gidan ya yi shiru, sai ƙugin firij.

Widad ta kira da yamma. Hausarta a karye, amma tana ƙoƙari saboda ni. "Kaka, ka yi practice? Kai ne za ka bayar da ni fa." Na ce ba zan bayar ba, na fasa, ki dawo ɗakinki. Ta ce, "Kai ka tsufa, ba ka da mota." Muka yi dariya. Da ta kashe na zauna da wayar a hannu.

Ba ta san komai ba. Kada Allah ya sa ta sani ranar, a bakin ƙofa.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ɗanjuma ya kira. Ina kallo har ta katse.

Juma'a, 30 ga Agusta

Mun iso. Gaskiya gini ne. Kaurin bango ya fi tsawon hannuna, tagogi ƙanana, matakala a murɗe kamar igiya, gwiwata ta ji jiki. Sun ba ni ɗaki ni kaɗai, gado mai ginshiƙai da labule kamar na sabuwar amarya. Akwai hoton wani Bature mai doguwar suma a bango, duk inda na juya yana kallona. Na rufe shi da rawanina kafin in tayar da salla.

Kowa na hidimarsa. Ba a jin motsin kowa ta cikin dutsen nan. A gida da yanzu ƙofar gida ta cika da tabarmi, ana ta shigowa ba sallamar da ta ƙare.

Tagata tana kallon ƙofar shigowa. Har yau ban faɗa wa mutanen masallaci kada su zo ba. Gobe idan tasin Ɗanjuma ta tsaya can cike da mutane cikin manyan riguna, mai gadi ya ɗaga musu hannu, ina zan sa fuskata?

Asabar, 31 ga Agusta

An ɗaura! Liman daga Birmingham ya tambaya, na ce na bayar, muryata ba ta yi rawa ba. Widad ta fito cikin farin leshi, sak kakarta ranar da aka kawo mini ita. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Na kama hannun Muhsin na ce, "Ɓarawo, ka ƙwace mini mata a gaban jama'a." Ya durƙusa ya ce, "Kaka, ai riƙo ka ba ni." Yaron ya san magana. Allah ya ba su zaman lafiya.

Amma tun hantsi idona na kan ƙofa. Duk motar da ta shigo sai gabana ya faɗi. Aka shafa fatiha, aka ci abinci, aka yi ta hotuna a kan ciyawa. Can wajen la'asar na lura ba tsoro nake ji ba kuma. Jira nake.

Ba wanda ya zo. Ko mutum ɗaya.

Lahadi, 1 ga Satumba

Likita ya ce, "Ka ga Baba, komai ya tafi lafiya." Na ce haka ne.

Juma'a, 6 ga Satumba

Na koma masallacinmu da dabino da alawa a leda. Na shirya maganar ban haƙuri tun daga gida.

Ɗanjuma ya rungume ni. "Alhaji, ina ka shige? Mun zaci asibiti ne! Ya taro?"

Na ce ban gan ku ba.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Alhaji, castle? Ai nan ƙasar in ba a ba ka kati ba, ba a gayyace ka ba. Duk mun sani. Mun ga farin cikinka ne, muka ce a bar tsoho ya yi sanarwarsa."

Suka ci dabino, suka yi wa yara addu'a sosai. Mutanen kirki ne, ba abin da suka yi mini. Ashe duk "Allah ya kai mu" ɗin nan da suka yi ta cewa, ba wanda ya ko duba rigar da zai sa.

Na sha shayin. Bai yi mini daɗi ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ameen, ɗaya daga cikin ɗaliban, bai daɗe da zuwa daga Zariya ba, matarsa ta haihu. Ya tare ni wajen takalma fuska kamar gonar auduga, ya ce suna ranar Laraba a Withington, kowa da kowa. Na yi masa barka. Sai na ji bakina ya ce, "Akwai kati?"

Ya tsaya yana kallona. Na ce wasa nake.

Ruwa ya sake saukowa. Zan ga yadda gwiwar za ta kwana zuwa Larabar.