Ni Ce Hoton Babana

Zuwa ga Doña Hermelinda,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin sha huɗu ga Oktoba. Ranar ce likita ya ba ni ta yin tiyata, kuma sakatariyarsa ba ta da fuskar da za a ce mata a ɗaga.

Ni mace ce, shekarata talatin da takwas. Da aka haife ni sunan namiji aka raɗa mini, na yi ta jan sa kamar takalmin aro har na kai ashirin da bakwai. Yanzu takarduna sun gyaru, garinmu ya gama gulmata ya koma kan matar mai kantin magani. Tikiti nake sayarwa a tashar mota. Aikin ba wuya, sai dai tagar da nake zama a bayanta fuska kaɗai take nunawa. Mutum zai zo ya dubi goshina ya ɗauke ni namiji ya ce "Señor, biyu zuwa Alvarado," sai idonsa ya sauka kan janbaki, sai tari ya kama shi. A rana ina samun masu tari kamar shida. Yawancinsu ba da sharri ba ne, amma ina komawa gida a gajiye, kuma ba aikin ne ya gajiyar da ni ba.

Likitan a Guadalajara yake. Ya ce zai kankare ƙashin da ya turo saman girata, ya rage faɗin muƙamuƙi, ya shafe zakaran wuya. Ya nuna mini a kwamfuta yadda zan koma. Na ga wata mata mai kama da wadda ba a taɓa ɓata wa rai ba. Na yi kuka a ofishinsa, ya turo mini kwalin tishu bai ko ɗago kai ba, da alama ya saba.

To ga inda gizo ke saƙar. Babana, Don Evaristo, masunci ne, ya rasu shekara goma sha shida da suka wuce, a shekarar da kogi ya shigo gari ya kwashe mana komai har hoton aurensu. Da ma shi ke nan hotonsa, don ba ya son kyamara, wai tana sa shi kama da wanda 'yan sanda ke nema. Ranar Matattu kuwa, biyu ga Nuwamba, da mamata ke ziyartar gida, kin san sai da hoto a kan tebur, in babu, mamaci ya zo ya wuce gidansa. Shekarar farko Mama ta jera furanni da kyandir da tamal, wato alalen masara, da kwalbar giyar da yake so, ta tsaya tana kallon gurbin da ya rage. Sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗauko kujera." Ba a ɗora hoton mai rai, amma ba wanda ya taɓa cewa mai rai ba zai zauna a gefe ba. Tun daga nan ni ce hoton. Ina zama daga tsakar rana har kyandir ya ci rabi, maƙwabta su shigo su ce "Evaristo sak," su ci tamal su tafi.

Shekarar da na fara sa kayan mata na ɗauka an sallame ni daga aikin zama hoto. Mama ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, goge janbakin kawai, kar ki rikita shi. 'Yan kunnen bar su, babanki ya san 'yan kunne fiye da yadda ya kamata." Ranar ta fara kirana 'yarta, kuma ba ta taɓa kuskure ba tun daga nan. Shi ya sa abin yake ci mini rai.

Na gaya mata zancen tiyatar tana gyaran kifi. Ta ce, "Fuskarki ce." Sai ta tashi ta ƙara gishiri a miyar da ta riga ta sa wa gishiri, muka ci haka nan. Yayata Araceli cewa ta yi, "Ke dalla je ki a fafe miki goshin. In Baba ya ɓata ya sauka gidan maƙwabciyarmu Doña Chole, ai da ransa ma can yake ɓata."

Wani lokaci ina cin abinci sai in kama Mama tana kallona, kuma na san ba ni take kallo ba. Ban san ko daɗi nake ji ko haushi ba. Shekararta saba'in da huɗu. Har na taɓa tunanin in jira sai bayan ranta, na kuma ji kunyar kaina ƙwarai da na yi wannan tunanin. In na yi a Oktoba, ranar biyu ga Nuwamba fuskata tana naɗe da bandeji, Baba zai zo ya tarar da abin da ya fi shi kama da mamaci.

In yi ko in bari?

Mai Goshin Aro, daga bakin kogi

*

'Yata Mai Goshin Aro,

Abu biyu kika zuba a tukunya ɗaya, shi ya sa ya ƙi nuna. Na farko, kina son aikin nan ko ba kya so. Na biyu, wa zai riƙe wa Don Evaristo gurbinsa.

A kan na farko ba zan ce miki yi ko bari ba. Tiyata ce ta gaske, ƙashi ake taɓawa, abin da aka kankare kuma ba ya dawowa. Kumburi na ɗaukar watanni, wasu goshinsu kan daɗe bai jin taɓi. Matar da kika gani a kwamfuta ba alkawari ba ce, masu tarinki kuma za su iya komawa biyu, ba lalle su ƙare ba. A ɗaya gefen, shekara goma sha ɗaya kina haɗiye abu sau shida a rana, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, kuma wanda bai zauna bayan tagar ba bai isa ya kira shi kwalliya ba. Ki tambayi kanki: da za a rufe tashar gobe, ya zama madubi kaɗai ke ganinki, har yanzu za ki so? Ki ga wani likitan na biyu. Ki nemi matan da likitan Guadalajara ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ba mako biyu ba. Ki kuma san wadda za ta yi jinyarki, don Araceli na da baki, ban san ko tana da haƙuri ba.

Zancen jiran mutuwar Mama kuwa, ki binne shi. In kika rataya farin cikinki a jikin ranar, za ki wayi gari kina jin haushin lafiyarta. Ta ce fuskarki ce, ta kuma ɓata miya. Izini ta ba ki, kuma ya yi mata zafi, duka biyun gaskiya ne.

Ki kira sakatariyar nan ki ce a ɗaga zuwa bayan Nuwamba, ba ta cizo ta waya. Kafin nan ki kai Mama wurin mai zanen mutane, ke ki zauna, ita ta riƙa ba da umarni: a sa gashin baki, a sa malafa, a ƙara shekaru, a mai da tabon da ita kaɗai ta tuna. Abin da zai fito ba hotonki ba ne, nasa ne, ba kuwa wanda zai hana a ɗora shi. Bana ki zauna kusa da shi karo na ƙarshe, don marigayin ya gane an yi canjin ma'aikaci. Daga nan fuskarki ta fita daga aikin gida, sai ki yanke shawara da zuciya ɗaya.

Baɗi kuma, ko da sabon goshi ko da tsohon, ki shafa janbakinki ki tsaya gaban teburin tare da masu rai. Shekara goma sha shida mutumin nan yana zuwa gida, bai taɓa samun 'yarsa ta gaishe shi ba, don kullum tana zaune a kujerarsa.

Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita wa Mama hannun gishiri.

Doña Hermelinda