Zuwa ga Rabi, a kan garin Sauke-Kaya

Harra ta Gabas, Madina
Asabar, bayan La'asar

Rabi,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Babu mai kai wasiƙa maƙabartar Baƙi'a, kuma ko da akwai, ban ga abin da zai sa ki duba rubutun mutumin da ya ƙi duba naki ba. Amma labari ya cika mini baki, kuma ke kaɗai na saba juye wa.

Da farko ga sanarwa mai nauyi, sai ki gyara zama. Shekaranjiya Alhamis, ni mijinki, malamin adabin Larabci shekara ashirin da shida, na tattare jallabiyata har gwiwa na tsoma ƙafafuna biyu cikin birkar wanka a wata istiraha da ke bayan Jurf. Mutum bakwai sun shaida. E, istiraha, wadda na sha gaya miki ba komai ba ce illa katanga da dabino goma da kududdufin siminti, da ake ba da haya ga mutanen da suka gaji da fankar gidajensu. Ruwan da sanyi. Kin ga abin da kika jawo mini?

Bari in faro miki daga tushe. Wata uku da suka wuce 'yarki Safiya ta zo daga gidan mijinta don ta raba kayanki da suka rage a kabad ɗin ɗaki. Shekara biyu ina hana a taɓa shi. A ƙarƙashin zannuwan da kike ajiyewa don biki ta tarar da daftari huɗu irin na 'yan makaranta, cike da rubutunki na boko, wanda kika koya daga littattafan soyayyar da alhazan Kano ke kawo miki. A bangon na farko kin rubuta: Sauke-Kaya.

Na gane sunan nan take. Kin tuna ranar? Ni ban manta ba, ko da yake na yi ƙoƙari. Wata Alhamis ce da hantsi, kika kawo mini shayi, kika zauna a bakin tabarma kika ce kina rubuta labari, a kan wani gari na hutawa a tsakiyar sahara, mai rijiyoyi da gadaje a inuwar dabino, inda baƙo ba ya ɗaga ko buta. Kika karanta mini shafi uku. Safiya na gefe, shekararta goma sha biyu, tana sauraro baki buɗe.

Ni kuwa na gyara murya kamar ina gaban aji. Na ce miki irin waɗannan garuruwa na san su sarai, don na karanta su a littattafan Turawa da aka fassara. Gari ne da attajirai ke ginawa a cikin rairayi, su shuka ciyawa inda Allah bai shuka ba, 'yan fim su kwanta a rana don su yi baƙi, alhali mu an haife mu da shi kyauta. Na ce a kowane irin littafin nan, kafin babi na biyar an saki mata biyu, kuma an tsinci gawar wani tana yawo a birka. Na kawo miki finafinan Masar da mawaƙi ke hawa raƙumi da baƙin tabarau yana yi wa farin wata da yashi waƙa, mutumin da bai taɓa tauna yashi a cikin shinkafa ba. Na rufe da cewa mu da kakanninmu suka ratso sahara a ƙafa, shekara da shekaru, suna binne juna a hanya, bai dace mu kira rairayi wurin shaƙatawa ba. Har sunan ma ban bari ba, na ce ya fi kama da na tashar mota.

Na ji daɗin jawabin nan, Rabi. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa miki ba. Na kwana biyu ina yaba wa kaina. Ke kuma kika rufe daftarin, kika ɗauki kofin shayi, kika tambaye ni ko zan ci kifi da rana. Na ɗauka kin daina. Ashe ɓoyewa kika yi, kika yi ta rubutu shekara tara a ƙarƙashin hancina. Yaushe? Lokacin da nake makaranta ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake gane rubutu mai kyau?

Safiya ba ta manta ba ita ma. Kin san ta, Hausa tana shiga kunnenta amma Larabci ke fita daga bakinta, kuma ba ta iya karanta boko na Hausa ba. Ta ajiye daftaran a gabana, ta ɗora rikoda da kaset shida, ta gaya mini da Larabcinta mai kaifi cewa tana son ta ji labarin uwarta, kuma ni zan karanta. Sharaɗi ɗaya: ba sharhi, ba gyara, ba tari mai ma'ana. A nan na gane abin da ke tsakanina da yarinyar nan. Na daɗe ina cewa ita dai ba mai yawan magana ba ce. Da ke tana da magana, da ƙawayenta tana da magana. Ni ne ta rufe wa ƙofa tun daga ranar shayin nan, kuma mutuwarki ta ƙara sakata. Idan na kasa wannan karatu, na san ba za ta sake buɗewa ba.

Sai na fara. Kullum bayan na dawo daga makaranta, rabin awa. Kin san wahalar da malamin adabi ke sha idan aka hana shi cewa komai? Sau biyu na danne maɓalli na fita tsakar gida na yi wa bishiyar lemonki sharhi, na dawo. Amma wajen kaset na biyu na lura na daina fita. Ina so in san ko Malam Haruna mai tari zai warke da zumar da uwar masauki ke ba shi. Ina so in san me Azumi za ta haifa a ɗakin nan mai tagogi huɗu. Na jira saki, ba a yi ba. Na jira gawa a birka, shiru. Mutane dai suna isowa da ƙafafu a fashe, a sauke musu kaya, a wanke musu ƙafa, ba mai tambayarsu takarda, ba mai tashinsu da asuba don a kama hanya kafin rana ta yi zafi. Kuma na kasa ajiye shi. Yaya kika yi haka?

To ga abin da zai sa ki dariya. Safiya ta ara wa ƙawarta kaset na farko, ƙawar ta kwafa wa uwarta, uwar ta kai gidan suna. Yanzu babu lungu a Harra da muryata ba ta shiga ba! Matar mai gasa kaza ɗan Chadi tana da shi. Telolin nan 'yan Sudan na bayan masallaci suna kunnawa suna ɗinki. Wani ma'aikacin filin jirgi ya tare ni ya ce ya ba wata hajiya 'yar Zinder kwafi ta tafi da shi gida. Shekara ashirin da shida ina rubuta maƙala a kan waƙoƙin jahiliyya, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya. Yau kuwa tsofaffi na leƙowa ta taga suna tambayata ina na biyar. Ba su ma san sunana ba, mijin mai Sauke-Kaya suke cewa.

Sai na iso ƙarshen daftari na huɗu, inda rubutunki ya fara rawa saboda ciwo. Can na gamu da wani baƙo. Malami ne, ya iso ƙofar garin da akwatin littattafai a ka, ya ƙi saukewa, ya tsaya cikin rana yana yi wa uwar masauki bayani da hujjoji cewa gari irin wannan ba zai yiwu ba. Yana gyara murya kafin kowace magana. Yana da saiƙo. Rabi, ko saiƙon ba ki yafe mini ba? Na karanta shi cikin rikoda ba tare da tari ba, Allah Ya shaida. Kuma a nan kika tsaya, malamin na ƙofa, akwati na kansa, sauran shafukan fari fat.

Mata suka tayar da ƙayar baya, wai a ba su ƙarshe. Ni kuma, da yake hali ba ya barin mai shi, na zauna na rubuta babi na kaina. Na bar malamin a inda yake kamar ban gan shi ba, na kawo wani attajiri, na sa aka tsinci gawarsa a birka da safe. Na ɗauka a kaset, na ba Safiya. Kwana biyu sai ga kaset ɗin ya dawo a cikin leda, tare da saƙo daga Gwaggo Kaltume, ƙanwar mahaifinki: wai a gaya wa malam mutanen garin nan sun riga sun mutu sau ɗaya, kada ya kashe musu kowa kuma.

Ban fahimta ba, sai na tafi gidanta. Ta bar ni a tsaye ɗan lokaci, sannan ta sa aka kawo gahawa. Ta ce tana da shekara shida lokacin da kakarki ta riƙo hannunta suka baro gida da ayarin masu zuwa hajji a ƙafa. Ta fara lissafa mini da yatsu. Malam Haruna, tari ya kashe shi kafin Abashe ta Chadi, a ƙarƙashin wata ƙaya aka binne shi. Azumi, naƙuda ta kama ta tsakanin rijiya da rijiya kafin Fashir ta Sudan, ba ita ba jaririn. Tagwayen da ke wasa a bakin birkarki, da tsohon da ke neman goro kullum, duk ta san inda aka bar su. Ta ce kina yarinya kina zama a gindin kakarki kina sa ta maimaita sunayen har kika haddace. Sannan ta dube ni ta ce duk karatuna ban kai jakin ayarinsu ganewa ba, don shi ko daga nesa yana jin ƙanshin ruwa.

Na yi miki jawabi a kan kakanninmu da suka mutu a hanya, alhali su kike shimfiɗa wa gado. Da na bari kin kai shafi na huɗu, da za ki gaya mini? Ko da ma ba ki yi niyya ba?

Istirahar nan shawarar Gwaggo ce. Ta ce tun da an rubuta musu wurin hutu, ita ma za ta je ta ga irinsa kafin ta bi su. Mata suka haɗa kai aka kama wurin na yini guda, motoci biyar, tukwanen shinkafa, da masa da miyar taushe da matar mai kaza ta yi. Mu maza aka tura mu ɓangarenmu, ni da Usama mijin Safiya da wasu mazaje da aka ja don tuƙi. Katanga ce tsakani. Ina zaune sai na ji muryata ta taso daga can, tana karanta zuwan malami mai akwati, sai shewa ta ɓarke har tattabaru suka tashi daga kan dabino. Usama, yaron kirki, ya yi ta kallon sama kamar yana neman jinjirin wata.

Daga nan aka shiga shari'a: a bar malamin ya shiga ko kada a bari? Ina jin komai. Wata ta ce a kore shi ya je ya karanta wa raƙuma. Gwaggo ta ce a bar shi a rana babi ɗaya tukuna, saiƙon ya gasu. Wata 'yar Sudan ta roƙa masa arziki, ta ce duk mazan haka suke, nata ma da akwati ya zo duniya. Sai na ji wata murya ta ce a yi shiru, labarin uwarta ne, ita za ta yanke. Da Hausa, Rabi! Hausa karkatacciya, rabinta Larabci, namiji ya zama mace mace ta zama namiji, amma Hausa. Safiyarmu! Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Jiya bayan Juma'a ta zo gida. Ta buɗe daftari na huɗu a shafin da kika bari, ta miƙo mini biro, ta ce za ta faɗa in rubuta, kuma sharaɗin nan na nan. Na rubuta yadda ta faɗa, har kurakuran. Ba ta sa uwar masauki ta yi gardama da malamin ba. Ta sa ta koma ciki, ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta fito har ƙofa ta miƙa masa. Amma ba ya iya karɓa, don hannuwansa biyu na riƙe da akwati. A nan Safiya ta tsaya. Na jira. Ta ce saura layi ɗaya, kuma ba ita za ta faɗa ba, ba kuma ke ba.

Na daɗe ina kallon shafin. Sannan na rubuta cewa ya sauke akwatin a ƙasa, ya karɓa da hannu biyu, ya sha. Na karanta mata. Ta ce ba laifi, Baba. Ta zauna har Magariba, ta ci abinci tare da ni, ta ba ni labarin maƙwabtanta kaf, waɗanda ban tambaya ba ma. Gobe za ta dawo mu ɗauka a kaset.

Labarinki mai kyau ne, Rabi, tun daga shafi ukun farko. Ni ne na yi kuskure. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa mu a inda ba a sake rabuwa.

Mijinki,
Abubakar, mai karanta miki