Jaririn Roba a Cikin Kabad

Daga: Aksel Brodersen,
Gida mai lamba 6, Hanyar Bakin Teku,
Marsklev.

Zuwa ga: Uwargida Marianne Dalsgaard,
Shugabar Sashen Kula da Yara da Iyalai,
Ƙaramar Hukumar Marsklev.

25 ga Nuwamba, 2019

Game da: Ƙorafi kan horon mariƙa yara, da jaririn roba da aka ba ni, da shirin raba jikokina Vigga da Asger

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. A daren Asabar, 9 ga Nuwamba, na ji wani sauti a gidana wanda ban taɓa jin irinsa ba, kuma daga gare shi duk abin da ke cikin wannan takarda ya taso. Ba ta kunne ya zo mini ba, domin na cire na'urar ƙara ji da nake sawa a kunne na ajiye a kan tebur, tana yi mini fito idan na ɗora kai a matashi. Ta katakon gado ya hau, ya shiga ƙashin bayana. Da farko na ɗauka tsuntsun teku ne ya faɗa bututun hayaƙi, kamar yadda ya taɓa faruwa shekarar da matata ta rasu. Sai na ce a'a, ya fi kama da kukan igiyar jirgi idan ruwa yana jan ta. Na kwanta ina nema masa suna. Sai da na miƙa hannu na shafa kwandon da ke gefen gadona na ji wayam, sannan na gane kukan jariri ne da aka toshe da wani abu.

Kafin in ci gaba, ya kamata in gabatar da kaina. Shekaruna saba'in da ɗaya. Na bar makaranta ina da goma sha huɗu na hau jirgin kamun kifi, don haka ina roƙon afuwa idan maganata ta karkace. Maƙwabciyata, Gudrun Tofte, ita ke buga mini takardar a kwamfutarta, ina faɗa tana rubutawa. Ni ne mahaifin marigayiya Birte Brodersen, wadda ta rasu a birni cikin watan Yuli, ta bar yara biyu. Vigga, mai shekara huɗu, tana hannuna da amincewar ofishinki. Ƙanenta Asger, wanda yanzu yake cikin wata na takwas, yana wurin mariƙa na wucin gadi. Na nemi a ba ni shi ya tashi tare da yayarsa, aka ce sai na yi horo. Na fara ranar 1 ga Oktoba, kowace Talata da yamma, a ɗakin taro na tsohuwar makaranta, ban taɓa fashi ba.

Ga abubuwan da nake kuka da su.

1. Ba na raina horon. Na koyi durƙusawa in yi daidai da idon yaro kafin in yi masa magana, duk da gwiwoyina ba su gode mini ba. Na koyi kada in yi wa yaro alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Amma abin da ya kai ni ajin daban ne. Ofishinki ya san cewa ranar da aka fasa ƙofar gidan Birte, ba a tsakar ɗaki aka sami yaran ba, a cikin kabad ɗin kaya aka same su, Vigga tana rungume da Asger. Ya kuma san cewa mutumin da Birte ta zauna da shi, wanda yake kurkuku yanzu, ba ya jure kukan jariri idan ya sha. Don haka ranar 22 ga Oktoba na ɗaga hannu na tambayi malamar horon, Malama Pernille, cewa yarinyar da ta riga ta zama uwa tana da shekara huɗu, ta yaya ake sauke mata wannan kaya? Ta ce, "Tambaya mai kyau, Aksel, bari mu ajiye ta a gefen allo." Ta rubuta a kusurwa da jan alli. Talatar da ta biyo baya na iske an goge allon fes. Wani ɗan ajinmu, Vagn, mai riƙon ɗan ƙanwarsa, ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Tsoho, tambayar taka ta tafi hutu, sai bayan Kirsimeti." Na yi dariya tare da shi. Har yau ba a amsa mini ba.

2. Ranar Juma'a, 8 ga Nuwamba, aka ba ni jaririn roba in kwana da shi har Litinin, a matsayin gwaji. Yana da nauyin jaririn gaske, wuyansa na lilo, yana warin sabon takalmin ruwa. Yana kuka lokacin da ya ga dama, kuma akwai na'ura a cikinsa da ke lura da yadda aka kula da shi. Aka ɗaura mini wata munduwa a hannu wadda ba ta ciruwa, aka ce ni kaɗai zai sani, duk wanda ya taɓa shi ba da ita ba kamar babu kowa ne. Babu wanda ya tambaye ni ko akwai yarinya a gidan, ko me idonta ya taɓa gani. Ni kuma, maimakon in tuna musu, sai hankalina ya tafi wani wuri. Na tambaya kukan wane ne aka sa a ciki. Aka yi dariya, aka ce na jariran gaske ne, an naɗa shi a wata ƙasa da daɗewa. A motar haya, da shi a cinyata, na yi ta tunanin yaron nan. Mai yiwuwa yanzu har gemu gare shi, yana zuwa aiki da jaka, bai san cewa yana nan yana kuka a gidajen da bai taɓa shiga ba. Gudrun ta ce in cire wannan, ba ya cikin ƙorafi. Na ce a bar shi.

Da na shiga da shi gida, Vigga ba ta yi murna ba, ba ta kuma ji tsoro ba. Ta dube shi, ta je ta rufe ƙofar falo a hankali, ta rage hasken fitila.

3. Na dawo kan daren Asabar. Na maƙala na'urar jina, na bi sautin har ɗakin baya, inda kabad ɗin matata yake da rigunan sanyinta a ciki. Na buɗe. Vigga tana zaune a ƙasa tsakanin takalma, ta naɗe jaririn da bargo har ka, tafin hannunta a kan bakinsa, tana jijjiga shi tana raɗa, "Yi shiru, yi shiru, kada ya ji." Ba ta dube ni ba. Ƙofar ɗakin take kallo, ta bayana.

Ranki ya daɗe, na san gwaji ne, na san na'urar tana ƙirga mini laifi. Amma a ajin nan naku aka koya mana cewa ba a fizge abu daga hannun yaron da ke cikin firgici. Sai na zauna a ƙasa a bakin kabad ɗin. Na ce mata, "Vigga, babu mai zuwa. Daga ni sai ke a gidan nan, kuma kin san Kakanki kurma ne, ko kukan jirgi ba ya ji. Bar shi ya yi kukansa." Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, ƙafata dai ta mutu. Can sai ta ɗaga yatsa ɗaya daga bakinsa, ta saurara. Ta ɗaga na biyu. Kukan ya fito fili ya cika gidan, muka zauna muna jin sa mu biyu, babu wanda ya shigo, babu abin da aka fasa. Sai ta ce, "Kaka, yunwa yake ji." Na ɗauko kwalbarsa, na sa hannuna mai munduwa a ƙarƙashin nata, ita ta ba shi. Ranar Lahadi a falo ta wuni da shi, ƙofa a buɗe. Har waƙa ta yi masa. Tun da aka kawo mini ita ban taɓa jin muryarta a waƙa ba.

4. Safiyar Litinin, 11 ga Nuwamba, muna karin kumallo, jaririn yana cinyarta ya fara kuka, tana lallashinsa. Kwatsam sai kukan ya yanke a tsakiya, ba irin shirun da yake yi idan ya ƙoshi ba. Daga baya da na buga waya aka ce mini lokacin gwajin ne ya cika, an saita shi ya tsaya da kansa. Babu wanda ya faɗa mini haka zai yi, da na shirya ta, ko na karɓe shi tun da dare. Vigga ta girgiza shi. Ta hura masa iska a fuska. Ta sa kunne a ƙirjinsa. Sannan ta kwantar da shi a kan tebur kusa da burodi, ta ja mayafin teburin ta rufe shi har fuska, ta ce, "Ba ni ba ce." Ta shige ƙarƙashin tebur.

Na nuna mata roba ne, na nuna mata inda ake sa masa batir a baya. Ta duba, ta gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa tsoho idan yana shirme. Da yamma aka zo aka tafi da shi a cikin jaka mai zik, tana kallo ta taga. Daga ranar zuwa yau maganar da ta yi ba ta cika tafin hannu ba. Tana cin abinci idan na ba ta, tana barci idan na kwantar da ita. Amma ta daina ambaton sunan Asger, ita da kullum sai ta tambaye ni ko ya fito da haƙori.

5. Ranar 18 ga Nuwamba na sami takardar ofishinki. Ta ce sakamakon gwajin ya nuna an bar jariri yana kuka na dogon lokaci, an toshe masa numfashi, an girgiza shi. Ta ce saboda haka ana ba da shawarar a miƙa Asger ga wasu mariƙa na dindindin a can gabashin ƙasar, kuma za a yanke hukunci ranar 5 ga Disamba. Ta kuma soke ziyarar da ya kamata mu kai masa ranar 20 ga wata, har sai an kammala. Duk abin da na'urar ta faɗa ya faru, ban musa ko ɗaya ba. Kukana shi ne babu wanda ya tako gidana ya tambaye ni yadda ya faru. Abin da na rubuta a sama na faɗa wa Malama Pernille a bakin ƙofar aji ranar 12 ga wata, ta saurare ni da kyau, har idonta ya kawo ruwa, ta ce ita sakamako kawai take turawa, babu wurin bayani a ciki.

Wannan soke ziyarar shi ya fi komai ci mini rai. Yarinya ta ga jariri ya yi shiru a hannunta, an sa shi a jaka an tafi da shi, sannan ranar da aka saba kai ta wurin ƙanenta ta zo ta wuce ba a kai ta ba. Ina roƙon ki, ranki ya daɗe, ki tsaya ki duba abin da kan yaro zai haɗa daga waɗannan.

Saboda haka, cikin ladabi nake neman waɗannan abubuwa. Da farko, kuma ko da shi kaɗai za a yi mini, a maido da ziyarar cikin makon nan, Vigga ta ga Asger da idonta, ta taɓa shi da ɗuminsa, ya yi kuka a gabanta a ɗauke shi a ba shi abinci. Na biyu, a ɗage zaman 5 ga Disamba har sai wani daga ofishinki ya zo ya zauna da mu. Akwai kofi, akwai kifi idan ya kai lokacin abinci. Na uku, a turo mini wanda zai amsa tambayar da na yi ranar 22 ga Oktoba, zan koya ko sau nawa za a maimaita mini. Na huɗu, kada a sake ba wa kowa jaririn nan ya kai gidan da ke da yaro ba tare da an yi tambaya ba, kuma a riƙa faɗa wa mutane cewa yana tsayawa a tsakiyar kuka.

Ba ni da kowa yanzu sai yaran nan biyu, su ma ba su da kowa sai juna. Ina jiran amsarki da kyakkyawan zato. Allah ya ƙara miki lafiya da basira a kan aikin da aka ɗora miki.

Naki mai biyayya,

Aksel Brodersen

Ƙarin bayani: Mun gama takardar muna zaune a kicin ɗin Gudrun, mijinta Ejnar yana gyaran fitila, Vigga tana ƙarƙashin tebur da alkalumanta na zane. Gudrun ta karanta mini komai daga farko, ta cire tabarau, ta daɗe tana kallona. Ta yi mini wata tambaya. Na ce ta rubuta ta a nan, ta ce kai tsohon banza, wannan ai ita za ta kayar da kai. Na ce duk da haka ta rubuta, domin ba na son a ba ni yaro a kan abin da na ɓoye. Cewa ta yi, da murya ƙasa ƙasa, "Aksel, ni na san kana son su. Amma idan suka ba ka Asger, daren da ya yi kuka kai kana kwance kana nema wa sautin suna, ina Vigga za ta kai shi?"

Ejnar ya ajiye abin da ke hannunsa. A ƙarƙashin tebur, alkalamin Vigga ya daina motsi.